Ƙaramin koto ya ƙi tafiya nesa: laifin sanda ne, ko ril, ko zare?

Tambaya: Malam, na sayi kayan fatsa na zamani a kasuwa. Sandar tsawonta mita 3.6, an rubuta 100-200g a jikinta, ga babban ril, wato abin naɗe zare, lamba 6000 cike da farin zare mai kaurin milimita 0.50. Wani abokina ya kawo mini tsarabar 'yan ƙarafa masu farfela da 'yan kifayen roba, amma in na jefa ko taku goma ba sa yi, zaren kuma sai cukurkuɗewa. Cutata aka yi? Me ya kamata in saya?

Amsa: Ba a cuce ka ba, ɗan'uwa, kayan wani aiki aka sayar maka. Wannan sanda taka an yi ta ne don mai tsayawa bakin teku ya wurga dalma mai nauyin giram 100 zuwa 200 can bayan igiyar ruwa. Kotunan da abokinka ya kawo kuwa, yawancinsu ba za su wuce giram 3 zuwa 5 ba. Ɗauki dunƙulen Maggi guda ka ɗora a tafin hannunka, giram 4 ke nan. Shi kake so sandar da aka yi wa giram 150 ta ji nauyinsa.

Ka tuna wasan da muke yi muna yara bayan an ɗauke ruwan sama? A cura laka a maƙala a kan tsumagiya, a kaɗa, sai ka ga curin ya haye katanga ya faɗa gidan maƙwabta. Nauyin lakar ne yake tanƙwara tsumagiyar, ita kuma da za ta miƙe sai ta harba shi. Maƙala wannan curin a kan taɓarya ka kaɗa, a gabanka zai faɗi, ko da kai ne Sarkin Ƙarfi. Haka jifan koto yake. Ƙarfin damtse ba ya kai ƙaramin koto nesa. Sandar da za ta rusuna masa ita ke kai shi, sai kuma zaren da ba zai riƙe masa ƙafa ba.

Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya tambaye ni cewa daga koto ake fara lissafi. In an san nauyinsa a zaɓi zare, sannan sanda, ril ya zo a ƙarshe. Mutanenmu kuwa daga ril suke farawa, don shi ne mai ƙyalli, shi mai shago yake juya maka kana jin ƙaransa kamar sabon keken ɗinki.

To fara da sanin nauyin abin da ke hannunka. In 'yan ƙarafan nan na kamfanin Mepps ne na Faransa, ko kwaikwayonsu, akwai lamba a jikin farfelar: lamba 0 giram 2.5 ce, lamba 1 giram 3.5, lamba 2 giram 4.5, lamba 3 kuma giram 6.5. Ɗan kifin Rapala mai yawo a saman ruwa, mai tsawon santimita 5, giram 3 ne kacal, kuma da yake da itacen balsa mara nauyi ake yin sa, iska na wasa da shi, ya fi ƙarfe wahalar jifa ko da nauyinsu ɗaya. Kayan da suka fito daga Amurka da oz suke rubutawa: 1/16 oz kusan giram 2 ne, 1/8 giram 3.5, 1/4 giram 7. In babu rubutu ko kaɗan, kai su wurin masu sayar da gwal su ɗora maka a ɗan sikelinsu. Za su yi maka dariya, amma za su auna.

Yanzu zare, wanda a ganina shi ne kashi mafi girma na matsalarka. Ko sandar nan taka ka bari, ka sauya zare kawai zuwa siriri, za ka ga jifanka ya ƙaru. Dalili shi ne, a irin ril ɗin da ke rataye ƙarƙashin sanda, kwarkwaron ba ya juyawa lokacin jifa. Koton ne yake jan zaren yana warwaro shi zagaye bayan zagaye, kowane zagaye ya goge bakin kwarkwaro, ya daki zoben farko na sanda, sannan ya miƙe ya wuce. Zare mai kauri 0.50 yana da tauri, kuma yana riƙe siffar naɗin da ya kwana a kai, sai ya fito a murɗe kamar sifirin ɗin biro. Giram 150 na dalma zai ja shi ya miƙar da shi ba tare da ya sani ba. Giram 4 ba zai iya ba. Cukurkuɗewar da kake gani daga nan take: koton ba shi da nauyin da zai ɗaure zaren tamau lokacin da kake naɗowa, sai ya kwanta sako-sako a kwarkwaro, a jifa na gaba ya zubo a dunƙule.

Zare iri biyu ne za ka yi tunani a kansu. Na farko nailan, wanda ka sani, sili ɗaya, fari ko mai ruwan ƙasa. Don koto mai giram 2 zuwa 7, nemi mai kaurin milimita 0.18 zuwa 0.22. Irin wannan yana ɗaukar kamar kilo 2 zuwa 4 kafin ya tsinke, gwargwadon kamfani. A kwalin za ka ga an sa 4lb, 6lb ko 8lb, kuma kowane lb ɗaya giram 450 ne da ɗoriya. Na san abin da ke ranka, wai wannan ai zaren ɗinki ne, kifi mai kilo biyu ma zai tafi da shi. Ba haka abin yake ba. Kifi a cikin ruwa ba ya rataye da dukan nauyinsa, ga sanda tana lanƙwasa tana shanye fizga, ga birkin ril yana sakin zare in ja ya yi yawa. Nailan kuma yana miƙewa kamar roba, wannan ma taimako ne ga mai koyo, don in ka fizga da ƙarfin da ya wuce kima ba nan take bakin kifi zai yage ba.

Na biyu shi ne saƙaƙƙen zare, wanda ake tufka siraran silalla 4 ko 8 su zama ɗaya. Ya fi nailan siranta nesa ba kusa ba in ƙarfinsu ɗaya, ba ya riƙe naɗi, kuma kusan ba ya miƙewa. Da shi za ka ji farfelar koto tana kaɗawa a tafin hannunka daga mita talatin, in ciyawa ta maƙale mata ka sani nan take don kaɗawar za ta tsaya. 'Yan Japan suna auna shi da lambar PE. Wanda ya dace da kai shi ne PE 0.6 ko 0.8, wato kaurin kamar milimita 0.13 zuwa 0.15. Ni shi nake amfani da shi, amma ba zan ce ka fara da shi ba. Yana da tsada, na jabu ya cika kasuwa, in iska ta ƙulla shi ba ya kwancuwa sai almakashi, kuma da ya goge dutse yana a ɗaure sai ya tsinke kamar an sa reza. Sannan kifi na ganinsa, don haka dole ka ƙulla masa ɗan gaba, wato kamar mita ɗaya na nailan ko fuloro (wani zare mai kama da nailan da kifi ba ya saurin gani) mai kaurin 0.22 zuwa 0.25, a can ƙarshe inda koto yake. Ƙullin haɗa zaren biyu kuwa sai an zauna an koya. Yi shekara guda da nailan, hannunka ya faɗa, sannan ka ƙara gaba.

Abu ɗaya game da nailan a ƙasarmu: rana na cin sa. Wanda aka rataye a ƙofar shago wata da watanni ya riga ya mutu ko da kwalinsa sabo ne. Kafin ka biya, warware kamu ɗaya, ka yi masa ƙulli guda a tsakiya, ka naɗa a hannu biyu ka ja. Mai rai zai miƙe ya yi gardama kafin ya tsinke. Matacce zai ce ɗas tun ba ka sa ƙarfi ba, wani lokaci har ka ga farin gari a yatsunka. A gida ma kada ka bar ril a bayan gilashin mota ko a tsakar gida, kuma ka sauya zaren duk shekara.

Yadda ka cika kwarkwaro ma yana ƙara maka ko ya rage maka mita da yawa. A bar tazarar kamar milimita 2 tsakanin zare da bakin kwarkwaro. In ya yi ƙasa da haka sosai, zaren zai riƙa tuntuɓe da bakin yana fita. In ya cika ya batse, ya zubo da kansa. Lokacin naɗawa ka matse zaren da jiƙaƙƙen tsumma tsakanin yatsu biyu don ya kwanta tamau. In saƙaƙƙe ne, fara shimfiɗa 'yan mitoci na nailan a ƙasa, in ba haka ba santsinsa zai sa duk naɗin ya riƙa juyawa a kan kwarkwaron, ka yi ta zaton birkinka ne ya lalace.

Sai sanda. Duba kusa da mariƙi, akwai rubutu: tsawo, nauyin koton da take jefawa, wani lokaci da ƙarfin zaren da ya dace. Kai dai nemi wadda nauyin kotunanka ya faɗa tsakiyar abin da aka rubuta, ba a gefe ba. Mai 1-7g, wadda ake sa wa UL, ita ce ta ƙananan sosai. Mai 3-15g ko kusa da haka, wadda ake sa wa L, ita nake ba mutanenmu shawara, don a ruwayenmu ba ka san wanda zai amsa sallama ba: ka jefa don kawara, ɗan giwan ruwa mai kilo uku ya ce shi ka kira. Tsawo kuwa, mita 1.8 zuwa 2.1 ya isa in daga kwale-kwale kake jifa ko daga bakin rafi mai itatuwa a kanka. In a buɗaɗɗen bakin dam ne kamar Tiga ko Challawa, inda babu abin da zai tare ka a baya, mai mita 2.3 ko 2.4 za ta ƙara maka nisa.

Akwai kuma inda sanda take lanƙwasawa. Wata kanta ne kawai ke rusunawa, sauran jikin a tsaye. Wata tana rusunawa har tsakiya. Mai rusunawa a kai ta fi isar da labarin abin da ke faruwa a ƙarƙashin ruwa, ta fi kyau da kifin roba mai laushi da ake tsallen-tsallen da shi a ƙasa. Mai rusunawa zuwa tsakiya ta fi sauƙin jefa ƙaramin koto, kuma ta fi riƙe kifin da ƙananan ƙugiyoyi uku-uku suka kama shi a fatar baki. Don 'yan farfelarka, ɗauki wadda ke tsakanin biyun. A shago, haɗa ta, ka kaɗa ta sau ɗaya da ƙarfi ka tsayar da hannu. Mai kyau kanta zai yi rawa sau ɗaya ko biyu ya nutsu. Wadda ta ci gaba da karkarwa kamar mai masassara, ajiye ta, jifanta ba ya tafiya saiti.

Sandar kabon ta fi rashin nauyi, ta fi jin motsi, amma ba ta jure duka. Ta gilas ta fi nauyi, ta fi juriya, ta fi araha. In kan babur kake ɗaure kayanka ka bi burji da su, akwai mai haɗin biyun, ita ce daidai. Tawa ta kabon ta farko ba kifi ne ya karya ta ba, ƙofar mota ce ta ɗan cije ta da safe, ban ga komai ba, da yamma ina jifa sai kan ya bi koto cikin ruwa. Mai gaɓa biyu da ake zurawa ta fi mai shigewa cikin juna kamar eriyar rediyo. Mai shigewar tana da daɗin ɗauka, amma yashi na shiga gaɓoɓinta, kuma zobbanta ba sa zama a layi. Zobban ma ka duba su ɗaya-ɗaya: zura ɗan auduga cikin kowanne ka juya, in ya kama zaren audugar to akwai tsaga, kuma wannan tsagar za ta ci zarenka. Sannan kabon yana ɗaukar lantarki. In hadari ya haɗo ana walƙiya, kwantar da sanda ka bar bakin ruwa, haka nan ka ɗaga kai ka duba wayar wuta kafin ka kaɗa.

Ril ba sai na ja magana ba. Lamba 2000 ko 2500 ka nema. Lamba 1000 tana da daɗin riƙo, sai dai ƙanƙantar kwarkwaronta na ƙara wa nailan murɗewa, kuma ba ta ɗaukar zare da yawa in babban kifi ya ja. Lambobin ba su zama ɗaya ba tsakanin kamfanoni, don haka karanta abin da aka rubuta a jikin kwarkwaron. In yana ɗaukar mita 150 na zare 0.20 ko kusa, ya yi. Kada yawan boris da aka buga a kwali ya ruɗe ka. Ril mara suna mai alfahari da boris 13 ba ya kama ƙafar ƙaramin Shimano, Daiwa ko Okuma mai boris uku ko huɗu. Lambar nan 5.2:1 kuwa tana nufin in ka juya hannu sau ɗaya, mai naɗin zare ya zagaya sau biyar da 'yan kai, kuma wannan saurin ya ishe ka.

Abin da za ka gwada da gaske shi ne birki. Sa mai shago ya naɗa ɗan zare, ka ɗaure murfin gaban kwarkwaro kaɗan, wanda da shi ake saita birki, ka ja zaren da hannu a hankali. Ya kamata ya fito sumul, ja ɗaya. In yana kamawa yana saki, yana kamawa yana saki, wannan ril ɗin zai tsinka maka siririn zare ranar da kifin kirki ya zo. Saitin birki kuwa kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfin zare, ko ƙasa da haka kaɗan. Ga yadda nake yi a gida: ledar fiya wata guda rabin kilo ce. In zarena na kilo 3 ne, sai in sa biyu a baƙar leda, in ƙulla a zaren kai tsaye daga ril ba ta cikin sanda ba, in ɗaga. In riƙa sassauta murfin har ledar ta fara sauka a hankali. Nan ne wurin.

Akwai wani irin ril da ke zama a saman sanda, wanda kwarkwaronsa ke juyawa lokacin jifa, za ka gan shi a hannun masu kamun kifi na Amurka a YouTube. Bar shi tukuna. A irinsa koto ne zai tayar da kwarkwaro ya juya shi, kuma na yau da kullum ba sa jin daɗin abin da bai kai giram 7 ba. Akwai waɗanda aka ƙera musamman don ƙananan kotuna, masu kwarkwaro mara nauyi, amma kuɗinsu da koyonsu duk ba na mafari ba ne.

Halaye biyu ne ke murɗe zare ko da kayanka masu kyau ne. Na farko juya hannun ril alhali kifi na jan zare birki na kuka. Kowane juyi murɗa ce kake zuba wa zaren. In yana gudu ƙyale shi, in ya tsaya ka ɗaga sanda, ka sauke kana naɗewa. Na biyu rufe ƙarfen ril, wato lanƙwasasshen ƙarfen da kake buɗewa don zare ya fita, da juya hannu bayan jifa. Rufe shi da yatsa, ka ɗan ja zaren ya miƙe, sannan ka fara naɗi. Koto mai farfela shi ma yana murɗa zare, don haka sa ɗan ƙaramin majuyi, wato ɗan ƙarfen haɗi mai juyawa da kansa, mafi ƙanƙanta da ka samu, kamar kamu biyu sama da shi. Lokacin hunturu kuma ƙura ita ce abokiyar gabar ril: kada ka ajiye shi a kan yashi, in ka dawo ka goge, ka ɗiga man keken ɗinki a ɗan gargaren da zare ke bi ta kansa. Kada mai ya taɓa fayafayan birki.

Ban san ruwan da kake zuwa ba, amma in akwai tsage a cikinsa, duk wannan lissafi na ɗan gaba ya canza. A kogin Kwara wajen Yawuri na taɓa rasa 'yan farfela uku cikin awa guda. Kowane lokaci sai in ji dum a hannu, sannan shiru, in naɗo zare ba komai a bakinsa, yankan kuma tsaf kamar na tela. Wani dattijon masunci da ke gyaran kalli a gefe yana kallona, da na rasa na uku ya ce, "Yaro, haƙorin tsage ba ya jin zare, sai waya." Tun daga ranar nake sa siririyar waya mai laushi, tsawon kamar santimita 15, a duk ruwan da na san yana ciki. Takan ɗan rage rawar koto, kuma a ruwa mai haske kawara kan yi shakkarta, amma gara hakan da ciyar da tsage ƙarafan Faransa. Bakinsa kuma ƙashi ne, ƙugiya uku-uku ba ta cika huda shi ba. Da yawa daga masu nemansa suna cire ta su sa ƙugiya ɗaya mai kaifi.

Kada kuma ka sa rai da yawa a kan karfasa. Yawancin abincinta ciyawa ne da gansakuka, takan kai wa ɗan farfela lamba 0 sara, musamman in tana gadin gurbinta, amma ƙullin dawo da tana, wato tsutsar ƙasa, sun fi kama ta. Masu bin koton ƙarfe da na roba su ne mafarauta: tsage, kawara, ƙananan giwan ruwa, tufi a cikin ciyayi, wani lokaci ragon ruwa in koto ya bi kusa da ƙasa. Da damina ruwa ya yi jawur ba sa gani sosai, sai daga Oktoba in ya fara kwantawa abin yake daɗi. Kuma kafin ka fara jifa a sabon wuri, je ka gaida Sarkin Ruwa ko masuntan wurin ka tambayi inda suka shimfiɗa kalli da mamari. Koto ɗaya ya maƙale a ragar mutum ya ishe ka asara biyu, ta kotonka da ta mutuncinka, ban da cewa su ne suka san inda dorina take kwana.

Ita kuwa babbar sandarka kada ka sayar. Bar mata zarenta 0.50, ka sa dalma mai giram 100 da ƙatuwar ƙugiya, ka soka hanjin kaza ko ɗan ƙaramin kifi, ka wurga cikin zurfi bayan magariba, ka kafa ta a tsakanin duwatsu da birki a sassauce, ka ɗaura mata 'yar ƙararrawa a kai. Tarwaɗa da ramboshi aikinta ne. Kafin ƙararrawar ta kaɗa, kana gefe da 'yar ƙaramar kana jifa bakin ciyawa da sauran hasken da ya rage.